Mai son ƙwarewa kan Nok: sashen tono ko sashen tarihin zane?

Malam Habu: Wata ɗaliba ta tambaya wane sashe za ta nema a ABU Zariya in tana son ƙwarewa kan mutum-mutumin Nok, wato tsofaffin siffofin gasasshen yumɓu da ake samu a tsakiyar Najeriya. Ni dai na ce sashen tonon kayan tarihi. Tun 1928 da masu haƙar kuza suka fara cin karo da su, har kan mutum-mutumin Jema'a da ya shiga hannun Bernard Fagg, Bature masanin kayan tarihi, a 1943, yawanci tsintarsu aka yi, ba a san yadda suke kwance a ƙasa ba. Kan da aka raba da raminsa ba zai gaya maka komai kan addinin masu shi ba.

Dakta Rabi: Malam, ka yi hanzarin yanke hukunci. Idon nan mai kusurwa uku da huda a tsakiya, da kitso, da duwatsun wuya, wa ke karanta su in ba mai tarihin zane ba? Murɗa yumɓu ake yi ana ɗorawa, a bar ciki fanko. Hudar ido da hanci da baki kuwa ta nan tururi ke fita lokacin gashi, don kada kan ya fashe.

Malam Habu: Gaskiya ne, Dakta. Amma tawagar Peter Breunig ta Jami'ar Goethe a Frankfurt, da ta fara aiki a 2005, a farfashe ta riƙa samunsu cikin ramuka, wasu kusa da jerin duwatsun da ake zaton kaburbura ne. Tsamin ƙasar ya cinye ƙasusuwa. Gawayin da aka auna shi ya kai farkon al'adar wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa. Kallon salo ba ya ba da wannan.

Malam Ɗanjuma: Ku tuna da jabu. A gwajin gano yaushe aka gasa mutum-mutumi, ɗan garin yumɓu ake hudowa a auna. Masu ha'inci sai su liƙa tsofaffin ɓaraguzai daidai inda za a huda, gwaji ya ce na dā ne. Ba mai kama su sai hoton CT mai nuna cikin abu, da idon da zai gane wuyan nan bai dace da kan nan ba.

Dakta Rabi: To ta yi digirin farko a tono, na biyu a tarihin zane. Kuma ta sani ba a tono sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.

Malam Habu: Na yarda, amma da sharaɗi: ta fara iya zana bangon rami, ta rubuta zurfin kowane ɓaraguji kafin ta ɗaga shi.