Takunkumi da Shirin Nukiliyar Iran: Shawarwarin da Aka Bayar

Yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu kan tambayar ko takunkumi zai iya dakatar da shirin nukiliyar Iran sun yarda cewa takunkumi shi kaɗai ba ya hana ƙasa neman makamin nukiliya. Koriya ta Arewa tana cikinsa tsundum ta yi gwajinta na shida a 2017.

Shawararsu ita ce a haɗa matsin lamba da tayin sassauci na gaske, a kuma cika alkawari. Da haka Iran ta amince a 2015 ta tsayar da tace yuraniyom (ma'adinin da ake samar da makamashi da makamin nukiliya da shi) a kashi 3.67, masu binciken IAEA, hukumar makamashin nukiliya ta duniya, na sa ido. Amurka ta fice daga wannan yarjejeniya a 2018, zuwa 2021 Iran ta kai kashi 60.

Ni na fi gamsuwa da masu cewa a buɗe hanyar biyan kuɗin magunguna, domin bankuna na tsoron hulɗa da Iran, majinyata ke ɗanɗana kuɗarsu.