Shin ajiye hatsi domin gobe rashin bangaskiya ne?

Manomin Saminaka ya rubuta:

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangiji, iyayena da 'yan'uwana. Ni manomin masara ne a yankin Saminaka, kuma abin da na tarar a gidanmu shi ne idan kaka ta yi, sai a ware abin ci, a ware iri, sauran a adana shi har tsakiyar damina. Bana Allah ya ba ni buhu 46. Na fitar da zakka, na kai baikon godiya, na biya bashin taki, sannan na ajiye buhu 30 a ɗaki. A taron farkawa da aka yi mana kwanan baya, wani baƙon mai wa'azi ya karanta Matiyu 6, inda Yesu ya ce kada mu tara wa kanmu dukiya a duniya, mu dubi tsuntsaye waɗanda ba sa shuka, ba sa girbi, ba sa tarawa a rumbu. Daga nan ya ce duk mai ajiya bai yarda Allah zai ciyar da shi gobe ba, kuma hanyar nuna bangaskiya ita ce mutum ya shuka abin da ya ajiye a hannun bawan Allah, ya jira ninki ɗari. Ban ba da ko buhu ɗaya ba, amma maganar ta hana ni barci, domin na san wani abu game da kaina: a shekarar da fari ya cinye gonata, da asuba durƙusawa nake yi, bana kuwa ɗakin ajiya nake fara leƙawa in ga ko ƙwari sun shiga. Ajiyar nan zunubi ce? Idan ba zunubi ba ce, me ya sa addu'ata ta yi sanyi daidai lokacin da ɗakina ya cika?

Fasto mai ritaya ya amsa:

Ɗana, tambaya biyu ka yi, kuma ta biyun ta fi nauyi. Ta farko ba ta da wuya. Allah da kansa ne ya ba Yusufu hikimar ware kashi ɗaya cikin biyar na amfanin Masar har shekara 7, kamar yadda Farawa 41 ta nuna, kuma da wannan ajiya ce gidan Yakubu ya tsira. Karin Magana 6 ta aiki malalaci wurin tururuwa domin tana tanadin abincinta da kaka, Bulus kuma ya gaya wa Timoti cewa wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya musanci bangaskiya. Abin da Yesu ya hana a Matiyu 6 shi ne damuwar da take cin zuciya, shi ya sa ya ce inda dukiyarka take, can zuciyarka za ta kasance.

Game da shuka a hannun bawan Allah, ka yi daidai da ka riƙe masararka. Bulus ya yi gargaɗi a 1 Timoti 6 kan mutanen da suke ɗaukar ibada hanyar samun riba ce. Alkawarin Filibiyawa 4:19 da ake yawan ambatawa, cewa Allah zai biya dukan bukata, daga ɗaure Bulus ya rubuta shi zuwa ga mutanen da suka riga suka aika masa taimako ta hannun Abafroditus ba tare da an yi musu cinikin ninki ba.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya. Ka buɗe Luka 12 ka karanta misalin mai arzikin da gonarsa ta yi albarka, ka ƙirga sau nawa ya ce amfanina, rumbunana, kayana, raina. A cikin dukan shawarar da ya yi babu Allah, babu maƙwabci, da kansa kaɗai yake magana, a daren kuwa aka biɗi ransa. Yusufu ya cika rumbu, shi ma ya cika rumbu, amma da yunwa ta zo Yusufu ya buɗe nasa. Sanyin addu'ar da ka gani tsohuwar cuta ce, Musa ya faɗa wa Isra'ila a Maimaitawar Shari'a 8 cewa idan suka ci suka ƙoshi, suka gina gidaje, su kula kada zuciyarsu ta ce ƙarfin hannunsu ne ya samo musu. Agur ma a Karin Magana 30 ya roƙi kada a ba shi talauci ko wadata, don kada ya ƙoshi ya ce wane ne Ubangiji. Da yake ka gane alamar da kanka, ka gode wa Allah, domin na yi shekaru ina kiwon mutanen da ba su taɓa ganewa ba.

Mamar Zumuntar Matan Ikkilisiya ta amsa:

Baba Fasto, na gode da wannan bayani. Ɗana, ni 'yar EYN ce, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, daga Michika. A watan Satumban 2014 da Boko Haram suka shigo garin, na bar hatsi a rumbu, na bar keken ɗinkina da adashin da na yi wata da watanni ina zubawa, na fita da zane ɗaya da yara 4. Muka je Mubi, a ƙarshen Oktoba ita ma ta faɗi, har hedikwatar ikkilisiyarmu da ke Kwarhi aka watse, muka ƙarasa Yola. Allah ya ciyar da mu, amma ban ga manna, abincin da ya saukar wa Isra'ila a jeji, ta sauko daga sama ba. Wata mata ce da ban taɓa sani ba ta buɗe mana ɗakin ajiyarta, kullum da safe ta auno mana mudu biyu na dawa, tana cewa nata da namu ɗaya ne har buhun ya ƙare. Da ba ta yi ajiya ba, da me za ta ba mu? Daga baya na ga Bulus ya ɗauko labarin manna a 2 Korintiyawa 8, cewa wanda ya tara da yawa bai yi rara ba, wanda ya tara kaɗan bai gaza ba, ya kuma yi amfani da shi ne don yalwar wasu ta cike rashin wasu. Don haka idan ka shiga ɗakin nan da asuba, kada ka tsaya ga duba ƙwari kawai, ka durƙusa a wurin ka tambayi Ubangiji a cikin buhunan nan nawa ne na wani.

Ɗalibin Makarantar Littafi Mai Tsarki ya amsa:

Baba da Mama, ku gafarce ni in ƙara abu ɗaya da ba a taɓa ba. Yayana bai ce buhu 30 ɗin na ci ba ne, ya ce har tsakiyar damina za a adana su, kuma duk mun san dalili: a watan Agusta tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, farashi yana sama. Ban ce manomi ya zubar da guminsa da arha a kaka ba, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin taki da na mota suka hau. Amma Karin Magana 11:26 ta ce mutane sukan la'anci mai ɓoye hatsi, albarka kuma tana kan wanda ya sayar. Tsadar da mai ajiya yake jira, yunwar wani gida ce. Idan gwauruwar da kuke zama benci ɗaya a majami'a ta zo awo a watan Agustan, a kan wane farashi za ka auna mata, yaya?

Manomin Saminaka ya sake rubutawa:

Ƙanena, tambayarka ta taɓa ni, domin akwai irin wannan gwauruwa a layinmu, kuma bara a farashin kasuwa na auna mata. Na zauna da uwargida daren jiya muka yi lissafi: buhu 12 za su ishe mu ci har sabuwar masara, 13 za mu sayar kaɗan-kaɗan don kuɗin makaranta da takin baɗi, 5 kuma mun ɗaure musu jan ƙyalle a baki, ba za su je kasuwa ba. Baba Fasto, ina neman shawara kan waɗannan biyar: in kai su hannun dattawan ikkilisiya su raba, ko in riƙa aika wa gidajen da na sani da dare yadda ba za su ji nauyi ba?