Almarar kimiyya mun gama da ita, saura "fanzin"

1/ Jama'ar Yamai da na Tawa, ku zo mu ƙarasa gardamar nan ta raɗa wa wasu kalmomin aro biyu sunan Hausa. Tunda an ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, bai dace muna zuba Hausa tiryan-tiryan sai mu yi tuntuɓe da "siyans-fiksiyon" (labari ko fim na ƙirƙira da aka gina kan kimiyya) da "fanzin" ('yar mujallar da masoya wani abu ke bugawa da kansu) ba. Ta farkon na riga na yanke mata hukunci. Ta biyun ce ke neman taimakonku.

2/ Sunaye 3 aka kawo wa "siyans-fiksiyon": ƙagaggen labarin kimiyya, tatsuniyar kimiyya, almarar kimiyya. Na farko ya yi tsawo, kuma wanda ya ji shi a rediyo zai zaci masana ne aka yi wa ƙage.

3/ Tatsuniya kuwa, ko gatana kamar yadda muke cewa a Adar, dokarta dabam ce. Idan Gizo ya tashi sama, babu yaron da zai tsai da kakarsa ya ce "ta yaya?" Shi ko wannan irin fim, a kan "ta yaya" ɗin yake tsaye. Ku dubi na Georges Méliès na 1902, Le Voyage dans la Lune. Wasa ne da ban dariya, amma duk da haka sai da ya nuna maƙera suna haɗa kumbon, aka ɗura shi a bakin wata ƙatuwar igwa, aka harba, ya je ya cake a idon wata. Ƙarya ce, sai dai ƙarya ce mai kawo hujja. Wannan ita ce almara: zancen da hankali ya san bai faru ba, amma an jera shi yadda za ka tsaya ka yi tunani.

4/ Da wannan ma'aunin, ku yi haƙuri masoya Star Wars, fim ɗinku na 1977 gatana ne da aka sa wa lantarki. Akwai gimbiya, akwai tsohon malami, akwai takobi, har buɗe shi aka yi da cewa a zamanin da abin ya faru. Ina son sa, amma wanda ya cika sunan almarar kimiyya a wurina shi ne Pumzi, ɗan gajeren fim na Wanuri Kahiu 'yar Kenya, na 2009. Duniya ce bayan yaƙin ruwa, mutane na zaune a rufe, ana tace gumi da fitsari a mayar da su ruwan sha, ga mace ɗaya ta fita hamada da ƙwayar iri a hannu. Wanda ya taɓa bin layin famfo a watan Afrilu a Tawa ba sai an fassara masa ba.

Finafinan aljanu da bokaye ba sa ciki. Kada wani ya sake kawo mini su.

5/ Wani ƙanena ya ce ai abin na Turawa ne, me ya kai mu raɗa masa suna? Ƙanena, tun 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da aka yi yawon sararin samaniya da shi, da Hausa tsantsa. Jaririn ya daɗe da haihuwa, sunan ne aka yi jinkiri.

6/ To, fanzin. Asalinta ma daga masoya almarar kimiyya take. Bayan Hugo Gernsback ya fara buga mujallar Amazing Stories a 1926, masu karatu suka shiga rubuta wa juna wasiƙa, har wasu a Chicago ta Amurka suka fitar da tasu 'yar mujalla, The Comet, a 1930. Kalmar kanta Russ Chauvenet ne ya ƙirƙiro ta a 1940. Babu kamfani, babu edita mai albashi, babu talla. A yau ma haka take: ka rubuta, abokinka ya yi zane da biro, ku kai fotokopi, ku naɗe takardun gida biyu, ku ɗinke tsakiya, ku raba hannu da hannu.

7/ Yayata ta ce "ƙaramar mujalla". Yaya, ƙanƙanta ba ita ce maganar ba, ma'aikatu ma suna buga ƙanana. An ce "mujallar sa-kai", ma'anar ta zauna, amma 'yan uwanmu na Katsina da Zamfara da sun ji "sa-kai" bindiga za su tuna.

8/ Ni ƙuri'ata tana kan "mujallar fada". A Yamai kowa ya san fada: benci, butar shayi a kan gawayi, gardama har dare ya raba. Nan ake haifar irin wannan takarda, nan ake karanta ta, nan ake kushe ta. Matsalarta biyu. Bakano zai ɗauka mujallar gidan sarki ce, kuma duk wanda wayarsa ta sa wa "d" ƙugiya ya mayar da ita ta faɗa. 'Yan Kano da ke nan, ku gwada faɗin "mun buga mujallar fada kan almarar kimiyya" a majalisarku yau da dare, ku dawo mana da abin da mutane suka fahimta.