Na faɗaɗa injin Golf 4 mai turbo, yanzu yana ƙwanƙwasa

Salam, masana injin. Golf 4 gare ni a Gusau, injin 1.8T, wato lita 1.8 mai turbo. An faɗaɗa silinda daga milimita 81 zuwa 83, an sa karanshaf mai tafiyar fistin milimita 92.8 maimakon 86.4, injin ya koma kusan lita 2.

A cikin gari lafiya lau. Amma in na hau hanyar Funtuwa da rana, na taka totur turbo ya buɗe, sai ƙarar ƙwas-ƙwas ta taso, allurar zafi ta hau. Mun canza filogi, mun wanke lagireto, na sauya gidan mai har sau uku. Kuɗi dai sun tafi, ƙarar na nan. Turbo K03 da nozul na asali ne, ba a taɓa ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ba.

Sake saita ƙwaƙwalwar kaɗai zai kashe ƙarar nan, ko sai na sauya fistin zuwa masu ƙarancin matsi?