Neman kalma: me za mu kira "smog" na Delhi da Lahore?

Hadiza Gwammaja:
Assalamu alaikum malamaina. Ina fassara rahoton shirinmu na muhalli da zai fita a rediyo gobe da safe, kuma edita na jira kafin Isha'i. Rahoton kan abin nan ne da ke lulluɓe Delhi ta Indiya da Lahore ta Pakistan duk watan Nuwamba, wanda Turawa ke kira "smog". Na sa "gurɓatacciyar iska", edita ya ce ta yi faɗi, wai ai warin kwata ma gurɓatacciyar iska ce. A taimaka.

Abba Rano:
Hazo mana. An gama.

Hadiza Gwammaja:
Yaya Abba, akwai inda rahoton ya ce a Nuwamban 2024 sai da aka rufe makarantu a biranen biyu saboda shi. In na ce hazo, mai sauraro a Kano zai ce to mu da muke shan hazo duk hunturu, wa ya taɓa rufe mana makaranta?

Injiniya Bala Funtuwa:
Gaskiyarta. A Indiya na yi karatu, na shaƙi abin nan, ba hazonmu ba ne. Namu ƙura ce da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na Chadi, babu hannun kowa a ciki. Nasu kuwa mutum ne ya kunna. A jihohin Punjab da Haryana manomi yana girbe shinkafa a Oktoba, ya shuka alkama a Nuwamba a gonar nan dai. Injin girbi kai kawai yake yankewa, ya bar kara a tsaye, kuma abin da ya rage wa manomin bai wuce mako biyu ko uku ba. Ashana ta fi 'yan ƙwadago arha, sai ya cinna wa gonar wuta. A haɗa da hayaƙin motoci da masana'antu da wuraren gasa jan bulo, da ƙurar gine-gine, da wasan wutar bikin Diwali na mabiya addinin Hindu. Da sanyi ya shigo, iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta danne ta daga sama kamar murfin tukunya, ga tsaunukan Himalaya sun tare arewa. Hayaƙin bai da mafita. Duk kalmar da za a zaɓa, lallai a ji hayaƙi a cikinta.

Malam Ɗanjuma Zariya:
Madalla da Injiniya, ya share mini fage. Ita kanta kalmar Turancin haɗi ce: an gutsuro kan kalmarsu ta hayaƙi da wutsiyar kalmarsu ta hazo aka liƙa, tun wajejen 1905, lokacin da hayaƙin gawayin kwal ya addabi Landan. Mutanen Indonesiya sun yi haka, "asap" da "kabut" suka ba su "asbut". Larabawa ma suna da "dabkhan", daga "dabab" da "dukhan". Mu me ya hana mu? Hayaƙi da hazo: HAYAZO. Gaɓa uku, ga daɗin faɗa, ga jinsin namiji ya zauna da kansa. Hayazo ya rufe Delhi. Ku faɗa da baki ku ji.

Abba Rano:
Na faɗa Malam. Sai na ji kamar sunan sabon babur ɗan China.

Malam Ɗanjuma Zariya:
Haka aka yi wa "yanar gizo" dariya, yau ga shi har a ɗakin labarai.

Garba Sakkwato:
Allah shi gafarta Malam, Hausa ba ta guntule kalmomi ta liƙa. Wannan ɗabi'ar Bature ce kuka sa ma riga da hula. Abin da munka gada shi ne aikatau da suna: fasa-ƙwauri, hana-salla, ƙare-dangi, karya-garkuwa. In ana son sabuwar kalma, a bi tafarkin kakanni. Ni na ce "shaƙe-gari".

Umma Binta:
Shaƙe-gari kam in na ji a rediyo, zan ɗauka baƙi ne suka cika gari ranar hawan Daushe.

Malam Ɗanjuma Zariya:
Kun gani? Hayazo ba ya rikicewa da komai, saboda bai da wata ma'ana sai wadda muka ba shi.

Umma Binta:
Shi ne ai matsalar, Malam. Tsohuwa a ƙauye ta ji shi sau ɗaya ya wuce, ba ta da littafin da za ta duba. Ni da "turnuƙu" aka ce, da na gane, don muna cewa hayaƙi ya turnuƙe ɗaki.

Abba Rano:
Turnuƙu faɗan ibilisai. A ce "turnuƙu ya ɓarke a Lahore", wallahi kowa zai zaci Indiya da Pakistan ne suka sake kacamewa.

Sadiq_KD:
Ni ban ga abin wahala ba. A ce "simog" kawai a wuce wurin. Su kansu mutanen Lahore da abin ya dama, a jaridunsu na Urdu kalmar Turancin suke rubutawa da baƙaƙensu. Mun karɓi kwamfuta, mun bar na'ura mai ƙwaƙwalwa ga masu rubuta jarrabawa. Wa ya mutu?

Garba Sakkwato:
Harshe ya mutu, yaro. Da haka da haka kuka maishe mu masu "anti" da "onkul", alhali muna da gwaggo da inna da kawu da baffa, kowane da gurbinsa. Yaran yanzu in Bature bai lasa kalma ba, ba ta yi musu zaƙi.

Sadiq_KD:
Baba, da girmanka, amma saƙon nan a waya ka rubuta shi, kuma "waya" ba kakanninmu suka bar mana ita ba.

Issufu Damagaram:
Ni abin da ke ba ni haushi daban ne. Duk sanda ku 'yan Najeriya kuka ari kalmar Ingilishi, sai ta zama "daidaitacciyar Hausa". Mu in muka ce lakwal ko lokotoro, sai ku ce Hausar Nijar ce, a gyara. Rediyon nan ana kama shi a Maraɗi da Damagaram. Simog ba ya nufin komai a kunnen manomin Matamai. Kuma ku tuna muna da "buji", ba hazo kaɗai ba.

Abba Rano:
Buji ai shi ma ƙura ne, Malam Issufu. Ba mu matsa ko'ina ba.

Garba Sakkwato:
Issufu ya taɓo inda ke ƙaiƙayi. Wa ya naɗa Kananci sarki? Turawa sunka zauna da 'yan boko sunka zaɓa, mu da munka rubuta waƙoƙin Hausa da ajami tun zamanin Shehu aka ce muna da "karin harshe".

Malam Ɗanjuma Zariya:
To ai kun kawo kanku. Hayazo ba na Kano ba ne, ba na Sakkwato ba, ba na Damagaram ba. Kowa baƙo ne a wurinsa, babu mai gori.

Hadiza Gwammaja:
Baba Garba, Malam Issufu, don Allah ku yi haƙuri, an kira Magariba kuma ban wuce shafi na biyu ba. A bar rigimar Kano da Sakkwato zuwa jibi.

Dakta Rabi:
Hadiza, ni ta fuskar asibiti zan duba. Abin da ke kisa a ciki ba duhun ba ne, ƙananan ɓurɓushi ne da ido ba ya gani, masu wucewa cikin huhu har su shiga jini. A ranar 18 ga Nuwamban 2024 ma'aunin ingancin iska na gwamnatin Indiya ya nuna 494 a Delhi, a sikelin da ya tsaya a 500. A Disambar 2017 'yan wasan kurket na Sri Lanka da takunkumi suka shiga fili a Delhi, wasu har amai suka yi. Irinsa da ya rufe Landan a Disambar 1952, a ƙidayar farko mutum kusan 4,000 ya kashe. Don haka ina tsoron "hazo" shi kaɗai, saboda Bahaushe ya saba da hazo, ya shafa man kaɗanya ya fita harkarsa. Ina kuma tsoron "hayaƙi" shi kaɗai, don hayaƙi tashi yake ya watse, wannan kuwa kwana da kwanaki yake yi a kan gari. Ki haɗa su: "hazon hayaƙi".

Abba Rano:
Ko "hayaƙin hazo"?

Umma Binta:
A'a. Miyar kuka ake cewa, ba kukar miya ba, sai in garin kake nufi. Abin da ido ke gani hazo ne, abin da aka yi shi da shi hayaƙi. Hazon hayaƙi.

Malam Ɗanjuma Zariya:
Gaɓa biyar! Wannan ai bayani ne, ba kalma ba. In ta fito sau ashirin a rahoto, mai karanta labarai zai shaƙe kafin mutanen Delhi.

Issufu Damagaram:
Kwararowar hamada gaɓa nawa ce? Zaizayar ƙasa fa? Kuma duk mun karɓe su daga Agadas har Kumasi.

Garba Sakkwato:
Ɗiyata, ba ta da gishiri, amma Hausa ce, ba a guntule kowa ba. Ban so ba, ban hana ba.

Injiniya Bala Funtuwa:
Ni ma na bi. Amma Hadiza, abu ɗaya ya fi kalmar damuna. Kada rahoton ya fita kamar manomi ne mugu. A 2009 jihar Punjab ta Indiya ta kafa doka ta hana dashen shinkafa kafin 10 ga Yuni, saboda rijiyoyin burtsatse sun janye ruwan ƙarƙashin ƙasa. Dashe ya matsa, girbi ya matsa, ƙona kara ya faɗo daidai lokacin da iska ke lafawa. An ceci ruwa, iska ta biya. Ita kanta shinkafar da yawan nan ba abincin gadon yankin ba ce, tsarin bunƙasa noma na shekarun 1960 da sayen amfanin gona da gwamnati ke yi kan tsayayyen farashi ne suka zaunar da ita. Akwai injin da ke shuka alkama cikin karan ba tare da an ƙona ba, amma sai mai babbar tarakta. Kuma bayan an daina ƙonawa a Disamba, iskar Delhi ba ta gyaruwa, don motoci da masana'antu ba sa hutun kaka.

Hadiza Gwammaja:
Na gode ƙwarai. Ga yadda na yi: a farko "hazon hayaƙi, wato hayaƙin gonaki da motoci da masana'antu da ke taruwa ya kwanta a kan gari", daga nan sai "hazon" kawai. Na ƙara jimla biyu kan dokar 2009. Malam Ɗanjuma, a yi mini afuwa.

Malam Ɗanjuma Zariya:
Ba komai 'yata, rediyonku ne. Ni dai ranar Litinin hayazo zan rubuta wa ɗalibaina a allo, in sun fita da shi gari sai ku zo ku ara.

Sadiq_KD:
Kuma a kan titi simog za a ce, ku rubuta ku ajiye.

Injiniya Bala Funtuwa:
Hadiza, kafin ki tura: Punjab biyu ce, ta Indiya da ta Pakistan, iyakar 1947 ce ta raba su. Lahore babban birnin ta Pakistan ne, dokar kuwa ta Indiya ce. Ki bambance, in ba haka ba masu kiran waya za su cinye miki rabin shirin.