Neman shawara: sabuwar kwamfuta mai rauni, ko ta hannu mai ƙarfi?

Maman Fadila, Unguwar Rogo, Jos:

Assalamu alaikum warahmatullah, iyayena da yayyena da ƙannena. Ina neman shawararku a kan sayen kwamfutar amfanin gida. Ni malamar firamare ce, kuma duk ƙarshen zango sai na kai tambayoyin jarrabawa da sakamakon ɗalibai shagon buga takardu, in biya kuɗi, sannan in zauna ina gyara musu kurakurai, musamman a tambayoyin Hausa inda ƙugiyoyin haruffa ke ɓacewa. Ga kuma babbar 'yata da ke shirin jarrabawar JAMB, wadda a kwamfuta ake yin ta. Bukatarmu ba ta wuce rubutu a Word, lissafin maki a Excel, shiga intanet da kallon darussa a YouTube ba.

Na ɗauki adashe, abin da ke hannuna naira dubu 300 ne, kuma ba ni da halin ƙari a yanzu. A shagunan titin Ahmadu Bello an nuna mini guda biyu masu kusan kuɗi ɗaya. Ta farko sabuwa ce dal a kwalinta, an rubuta mata Celeron, RAM 4GB, ma'aji 64GB. Ta biyu ta hannu ce, HP EliteBook mai Core i5, RAM 8GB da ma'aji mai sauri irin SSD 256GB, sai dai murfinta ya ɗan kuje. Maigida ya fi karkata ga sabuwar, yana cewa babu wanda ya san dalilin da ya sa mai tsohuwar ya rabu da ita. Wani abokin aikina kuma ya ce in bar su duka in sayi ta tebur. Don Allah masana ku haska mini hanya.

Injiniya Baban Walid, Kubwa, Abuja:

Wa alaikumus salam, Malama. A tsakanin waɗannan biyun, ni ba zan ba ki shawarar sabuwar ba. Windows 11 ita kaɗai tana neman aƙalla RAM (wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da ke buɗe) 4GB da ma'aji 64GB kafin ta zauna a kwamfuta, wato abin da aka ba ki a kwalin nan shi ne mafi ƙarancin abin da za ta iya tashi da shi, ba abin da za ki yi aiki da shi cikin sukuni ba. Da zarar kin buɗe Excel, 'yarki kuma ta bar shafuka huɗu ko biyar a buɗe a Chrome, za ki ga alamar jira tana ta juyi. Ma'ajin 64GB a irin waɗannan yawanci eMMC ne, wanda aka liƙe a jikin allon kwamfutar, kuma a da yawa daga cikinsu RAM ɗin ma a liƙe yake, saboda haka ko kin samu kuɗi baɗi babu hanyar ƙara shi.

Maganar maigida tana da hujja, amma tana da amsa. EliteBook na HP, Latitude na Dell da ThinkPad na Lenovo kwamfutoci ne da aka ƙera domin ma'aikatu, kuma kamfanonin Turai da Amurka sukan sauya su bayan shekara uku zuwa biyar bisa tsarin ofis, ba lallai don sun lalace ba. Irinsu ne suka cika shagunan Banex a Wuse 2 nan Abuja, su ne kuma ke isowa Jos. Jikinsu ya fi ƙwari, kayan gyaransu kuma suna samuwa a ko'ina.

Sai dai "Core i5", wato sunan furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, shi kaɗai ba ya gaya mana komai, domin an fi shekara 10 ana fitar da i5 iri-iri. Ki duba mana cikakkiyar lambar da ke biye da shi.

Maman Fadila:

Na gode, Injiniya. Na kira mai shagon, ya ce i5-6300U ne. Ya ƙara da cewa ya riga ya ɗora mata Windows 11, kuma tana aiki lafiya.

Injiniya Baban Walid:

To, Malama, ki dakata da wannan ɗin. A lamba mai guda huɗu irin wannan, wadda ba ta fara da 1 ba, ta farko ita ce ke nuna zubin (generation), saboda haka 6300U zubi na 6 ne, na wajen shekarar 2015. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, wadda ita ce ta dace da irinsa, a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11 a hukumance tana karɓar Intel Core ne daga zubi na 8 zuwa sama, ban da wasu 'yan ƙalilan na zubi na 7. Masu shago suna da dabarar ɗora ta a kan tsofaffin, kuma tana tashi kamar yadda ya faɗa, amma Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da aiko wa irin waɗannan gyare-gyaren tsaro ba, ke kuma za ki riƙa shiga asusun banki da rajistar yara a cikinta.

Ki nemi mai lamba kamar i5-8250U ko i5-8350U. Bambancin ya wuce na takarda, domin i5 na laftof mai harafin U a ƙarshen lambarsa a zubi na 8 yana da ƙwaƙwalwar aiki huɗu a cikinsa, na 6 da na 7 kuwa biyu ne. Za ki same shi a EliteBook 840 G5, Latitude 5490 ko 7490, da ThinkPad T480, amma tun da wasu daga cikin waɗannan samfuran sun fito da zubi na 7, lambar za ki duba, kada ki tsaya ga sunan da ke kan murfi.

Malam Baban Hanifa, Bukuru:

Malama, ni ina bayan abokin aikinki. Shagon buga takardu nake riƙe da shi, kuma da kwamfutocin tebur nake aiki. Da kuɗin nan za ki samu ƙaramar Dell OptiPlex ko HP ProDesk ta hannu, tare da faffaɗan allo da madannai da linzami (mouse). A gida mai yara ita ce ta fi lafiya: idan aka zubar da shayi a madannai, sai ki sayi wasu da kuɗi kaɗan, amma a laftof shayin nan kai tsaye cikinta zai gangara. Ba ta da batirin da zai mutu, ba ta da maƙalar murfi da za ta karye, kuma tun da a falo take zaune, kina ganin abin da yara ke kallo. Ga mai lissafin makin aji guda a Excel kuwa, babban allo hutu ne ga ido.

Hajiya Maman Sadiq, Rikkos:

Malam Baban Hanifa, kai kana da janareta a shago, kuma kwastomomi ne ke biyan kuɗin mai. Ƙanwata kuwa a gida za ta yi aikin, yawanci da dare bayan ta sallami yara. Ta tebur, da an ɗauke wuta ta mutu nan take, abin da ba a adana ba ya tafi, sai an haɗa mata da UPS, akwatin batir mai riƙe wuta, wanda shi ma kuɗi ne, kuma mintuna kaɗan yake riƙewa. Cajar laftof irin waɗanda Injiniya ya lissafa wat 45 ce ko 65, ƙaramar sola ko inbata ta gida tana ɗaukar ta, kuma idan ta kama sai a kai ta makaranta a yi caji.

Abin da zan ja miki kunne a kai shi ne batir. Lokacin da muka saya wa Sadiq tasa, mai shagon ya rantse tana yin awa huɗu, kuma a gabanmu tana jone da caja, alamar batir a cike taf. Muna isa gida aka cire ta daga wuta, ko rabin awa ba ta yi ba ta ɗauke. Da muka koma, sai ya ce batir ba ya cikin garanti, kuma rasit ɗin bai ambaci komai ba sai sunan kwamfuta da kuɗi. Sai da muka sake sayen batir.

Auta Mai Gyara, Terminus:

Mama, sana'ata ce gyaran su, bari in faɗi yadda za ki gwada ta kafin ki miƙa ko sisi. Ki ce a zare cajar tun farko, a kunna bidiyo, a bar shi yana tafiya har ki gama sauran dubawa, sannan ki kalli nawa batirin ya sauka. Idan kin je da wanda ya ɗan iya, ya buɗe cmd, tagar rubuta umarni ta Windows, ya rubuta powercfg /batteryreport, zai fito da ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da kuma abin da yake iya ɗauka a yanzu. In na biyun ya kusa rabin na farko, batirin ya gaji, sai a rage miki kuɗinsa ko a sauya shi.

Ki danna Ctrl da Shift da Esc tare, ki shiga sashen Performance. A nan kwamfutar da kanta za ta nuna lambar furosesa, yawan RAM, da ko ma'ajin SSD ne ko HDD mai faifai. Wannan ya fi sitikar da ke manne a jiki gaskiya, domin sitika ana sayar da ita a kasuwa. Ki buɗe farin shafi a Word, ki danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya, kuma a kan farin nan za ki ga tabo ko layi idan allon yana da shi. Ki gwada Wi-Fi da wayarki, ki sa filashi a kowace ƙofa, ki buɗe kyamara, ki ɗaga murfin ki sauke ki ji ko maƙalar tana ƙara ko ta saki.

Akwai wanda mutane ba su cika sani ba. Wasu daga cikin na ofis suna zuwa da kalmar sirri a BIOS, wato saitin kwamfutar da ake shiga kafin Windows ta tashi, ko kuma har yanzu suna ɗaure da rajistar kamfanin da ya yi amfani da su, ta yadda ranar da aka goge ta aka sake ɗora Windows, sai ta nemi a shiga da asusun wannan kamfanin. Ki sa mai shagon ya shiga BIOS a gabanki, kuma ya rubuta a rasit cewa ba a kulle take ba, tare da lambar jikinta, kwanakin gwaji da kuka yi yarjejeniya a kai, da cewa batir da caja suna ciki. Cajar kuma ta zama ta asali, domin jabun caja na daga cikin abubuwan da suka fi kawo mana aiki.

Bayan kin kai ta gida, kada a ɗora ta a kan katifa ko bargo, domin ta ƙasa da gefe take shaƙar iska. Sanyin Jos yana taimaka mata, amma ƙurar hunturu tana toshe fankarta, sai a kai a hure ta sau ɗaya a shekara. Da damina kuma, in an fara tsawa, a zare cajar daga bango.

Alhaji Kakan Amira, Gwarinpa, Abuja:

'Yata, kada a yi saurin watsar da maganar mijinki. Siyan na gari, mayar da kuɗi gida. Sabuwa daga dila na gaskiya tana zuwa da garantin shekara guda, ta hannu kuwa 'yan kwanaki ko makonni ake ba ki, daga nan sai abin da Allah ya yi. In da hali, ki ajiye kuɗin, ki ƙara wani zagayen adashe, ki sayi sabuwa mai kyau.

Injiniya Baban Walid:

Allah ya ƙara girma, Alhaji, gaskiya ne garanti abu ne mai daraja, kuma da Malama za ta iya kaiwa ga sabuwa mai Core i3 ko Ryzen 3 ta zamani da RAM 8GB da SSD, da ni ma ita zan zaɓa mata. Sai dai tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 irin waɗannan suka yi nisa, kuma farashinsu da dala yake tafiya, ga jarrabawar yarinya ba za ta jira adashe ba. Garantin wadda aka nuna mata kuma zai biya lalacewa ne kawai, ba zai biya nauyin aiki ba, shi kuwa tun ranar farko za ta fara fama da shi.

Malama Maman Ihsan, Titin Bauchi, Jos:

'Yar'uwa, ni ma Hausa nake koyarwa. Windows tana da tsarin madannan Hausa a cikin saitin harsuna, ki ƙara shi za ki samu ƙ da ɗ da ɓ ba tare da sayen komai ba. Idan kin gama rubutu, ki adana shi a PDF kafin ki kai shago, haruffan ba za su sauya ba, kuma ba sai kin sayi firinta yanzu ba. In lasisin Office ya yi tsada, LibreOffice kyauta ce, tana buɗe takardun Word da Excel. Ita kuma Fadila a saya mata linzami na waya, domin a cibiyoyin jarrabawa da shi za ta haɗu, sannan ta saba da amsawa da madannai: A, B, C, D na zaɓin amsa, N na tambaya ta gaba, P na komawa baya.

Maman Fadila:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na karanta wa maigida bayanan, ya amince da ta hannu, da sharaɗin tare za mu je ranar Asabar, kuma sai an rubuta komai a rasit. Tambaya ɗaya ta rage. Idan mai zubi na 8 ta fi ƙarfin kuɗina, musamman da zan cire na linzami da jaka, me zan sassauta a kai?

Injiniya Baban Walid:

Ki sassauta a kan girman ma'aji da kyan jiki, Malama. SSD 128GB zai ɗauki takardunki na shekaru, kuma a samfuran da na ambata ana iya sauya shi da babba daga baya. Kujewar murfi ma hanyar neman ragi ce. Allon taɓawa da madannai masu haske duk ki bar su, idan suna ƙara kuɗi. Ko Core i3 ce ta zubi na 8 ki karɓa, ta ishi aikinki, kuma ta fi miki i7 ta zubi na 6 da za a yi ta yaba miki. Abubuwa uku ne kada ki sauka daga kansu: zubi na 8 ko sama da shi, RAM 8GB, da SSD. In shagon farko ba shi da ita a kuɗinki, ki tambayi uku ko huɗu a layin kafin ki yanke, domin farashin samfur ɗaya yakan bambanta daga wannan ƙofa zuwa waccan.