Lezar ido ta masu ciwon suga: haka zafin yake ga kowa?

Baba Tela:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe da ciwon suga. Likita ya ce wasu sababbin jijiyoyin jini marasa ƙwari sun tsiro a bayan idona na dama, sai an yi leza, wato a ɗan ƙona wasu wurare a bayan idon da haske mai ƙarfi, kafin su fashe. Ranar Litinin aka fara. An ɗiga mini magani, aka manna ɗan gilashi a idon, na ɗora haɓa kan na'ura. Da farko walƙiya kawai nake gani, amma da ya kai gefe wallahi sai na ji kamar ana soka mini allura har cikin kai. Sai da na roƙe shi ya dakata. An ce in dawo, gabana kuwa sai faɗuwa yake. Da idon nan nake zura zare in ciyar da iyali. Raki ne nake yi?

Nas ɗin Ido:
Wa alaikumus salam Baba, sannu da jiki. Ba raki ba ne. Maganin ɗigawa saman ido kaɗai yake kashewa, lezar kuma can ciki take aiki. Akwai jijiyoyin jin zafi da suka bi ta gefen hanci da gefen kunne, wurin da ka fi ji ke nan. Akan yi ɗigon ƙuna 1,200 zuwa 1,600, wani lokaci fiye, shi ya sa ake rarraba aikin. Kafin a fara, ka gaya wa likita abin da ka gaya mana. Zai iya gajarta kowane bugu, ya riƙa ba ka hutu, ko ya yi allurar da ke kashe zafin idon gaba ɗaya. Don Allah kada ka fasa. Leza tana rage haɗarin mummunar asarar gani da fiye da rabi, aikin da aka bari a rabi kuwa ba ya ba da wannan kariyar.

Maman Hanif:
Allah ya ƙara sauƙi Baba. Mahaifiyarmu ta sha wahala a zaman farko, a na biyu aka yi mata allurar, ba ta ji komai ba sai ɗan ciwon kai da yamma. Ka ci abinci kafin ka fita, layi kan yi tsawo kada suga ya faɗi. Kuma kada ka hau babur da kanka, gani zai yi dishi-dishi.

Baba Tela:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan nemi allurar, babban yarona zai raka ni. Malama nas, kwana nawa zan yi kafin in koma kan keke?